Littattafan da yaran zangon Kumasi suka karanta har bango ya cire

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan karatun yara, daga nan Kumasi, inda jaridar Hausa ba ta iso mana a takarda sai dai mu leƙa ta a waya.

Da wuya a yi taron suna ko walimar sauka a zango a tashi wani dattijo bai ce yaran yanzu ba sa karatu, waya ta gama da su ba. Ni dai ban karɓi maganar gaba ɗayanta ba. Na koyar da Turanci a ƙaramar sakandare har na yi ritaya, kuma tun da na ajiye alli nake da wani akwatin ƙarfe, irin wanda yaranmu ke tafiya da shi makarantar kwana, cike da littattafai a barandar gidanmu da ke Aboabo. Ranar Juma'a bayan la'asar nake buɗe shi, domin Asabar da Lahadi na makarantar Arabiyya ne, ba mai taɓa su. Yaro ya zaɓi ɗaya, in rubuta sunansa da na uwarsa a wata tsohuwar rajista, ya dawo da shi Juma'a mai zuwa. Ba a biyan ko sisi. Sharaɗin ɗaya ne: in ka dawo da littafi sai ka ba ni labarin abin da ke ciki, kuma da Hausa. Abin da idona ya gani shi ne, yaron nan da ake cewa ba ya karatu zai kwana da littafi da tocila ko an ɗauke wuta, muddin ya buɗe ya tarar da wani mai kama da shi a ciki.

Ba da lambar yabo nake auna littafi ba. Wanda bangonsa ya cire har na ɗinke shi da zare da allura, wanda man ƙosai ya yi wa tambari a shafuka, wanda yara biyu suka zo gabana suna gardamar wa ya riga kama layi, shi ne littafi a wurina. Da wannan ma'aunin zan kawo kaɗan daga cikin na 'yan shekarun nan.

Wanda ya fi shan wahala a akwatin shi ne The Kaya Girl na Mamle Wolo. Ya ci gasar Burt ta littattafan matasa a nan Ghana a 2011, aka kuma sake buga shi a Amurka a 2022, amma ba wannan ya sa 'yan matan layinmu ke rububinsa ba. Labarin 'yan mata biyu ne a kasuwar Makola ta Accra: Abena, 'yar likita da aka kai hutu shagon antinta, da Faiza, Musulma 'yar arewa mai ɗaukar wa mutane kaya a ka. Mai karatu a Kano ko Maraɗi wataƙila bai san kayayo ba. 'Yan mata ne, wasu ko sha biyar ba su kai ba, da ke baro garuruwan arewacin Ghana su zo Accra da Kumasi yin dako. In ka shiga kasuwar Kejetia ta nan Kumasi da hantsi za ka gan su da manyan tasoshin silba, wata da goyo a baya da buhun albasa a ka, tana ratsa cunkoso tana "agoo, agoo" a ba ta hanya. Da dare wasu su kwana a bakin shaguna, wasu su cunkusu a ɗakin katako ɗaya. Mu mutanen zango kullum muna tare da su, da yawansu alƙiblarmu ɗaya, amma ba kasafai muke tambayar sunansu ba. "Kaya!" kawai za a ƙwala, ta juyo.

Wata yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, uwarta na sayar da tumatir, ta riƙe littafin nan har ya wuce ƙa'ida. Da ta dawo da shi na ce to bismilla, ba ni labari. Maimakon na littafin sai ta shiga ba ni labarin yarinyar da ke sauke wa uwarta kwandon tumatir daga mota kowace safiya: daga wajen Walewale ta zo, ta yi makaranta har aji biyar, kuɗin keken ɗinki take tarawa, kuma tana tsoron tsallaka titi har yanzu. Sun daɗe suna wuni a rumfa ɗaya, amma sai da ta karanta littafi sannan ta tambaye ta. Ban ce mata ta karya sharaɗi ba.

Ƙorafina ɗaya ne a kan littafin. Daga bakin Abena muke jin komai, wato 'yar gata ce ke ba da labarin 'yar talaka. Ta yi adalci iyakar iyawarta, amma mai kallon kaya daban, mai ɗauke da shi daban. Yaran ma sun lura. Ɗaya ta ce mini, "Hajiya, da Faiza ce ke magana, da mun ji abin da take faɗa a ranta lokacin da ake daka mata tsawa." Wannan littafin da yarinyar ke nema, ɗiyar zango ko ɗiyar Walewale ce za ta rubuta shi.

Na biyu ya fi nauyi, kuma ba na miƙa wa wanda bai kai sha huɗu ba. The Deep Blue Between ne na Ayesha Harruna Attah, ya fito a 2020. Sunayen taurarin kaɗai sun isa su jawo yaranmu: Hassana da Husseina, tagwaye. Wane layi ne a zango babu Hassana da Usaina? An kai wa garinsu hari a 1892, aka kama su bayi, aka raba su. Ɗaya ta gangaro har Accra, ɗayar ta bi ta Legas ta ƙetare teku zuwa Bahia ta ƙasar Brazil, kowace tana ganin 'yar uwarta a mafarki. Marubuciyar ta riga ta yi wani na manya a kan garin Salaga a 2018, tagwayen nan kuma ƙannen wata ce a cikinsa.

Salaga ba baƙon suna ba ne a kunnenmu. Can kakanninmu fatake suke sauke jakuna, su kawo kanwa da fatu da tufafin Kano, su ɗauki goron Asante su koma. Da yaƙin basasa ya watsa garin a 1892 jama'a suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Yeji, wasu daga baya suka gangaro nan Kumasi. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano mai waƙoƙin Larabci da na Hausa, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, yana cikin waɗanda suka baro ta. Wannan ɓangaren muna faɗa wa yara da alfahari. Wanda muke tsallakewa shi ne, ba goro kaɗai ake ciniki a kasuwar Salaga ba, har da mutane.

Wata 'yar babbar sakandare da ta gama littafin ta zauna a bakin baranda ta ƙi ba ni labari. Can sai ta ce, "Hajiya, mu muna cikin waɗanda aka sayar ne, ko waɗanda suka saya?" Na ce mata zango ya tara duka biyun, kuma aure ya gauraya su tun kafin a haifi uwata. Ba ta gamsu ba, ta tafi ta tambayi kakarta. Washegari sai ga tsohuwa da carbi a hannu ta zo jin wanda ke cusa wa jikarta irin wannan tambaya. Na shimfiɗa mata tabarma, na dama fura. Faɗan da ta zo yi bai yiwu ba. Ta ƙare tana ba mu labarin kakarta ita ma, mace mai wata irin tsaga a kumatu da babu mai irinta a gidan, wadda har ta rasu ba ta taɓa faɗin sunan garinsu ba, in an tambaye ta sai ta tashi ta shiga madafa. Jikar tana zaune tana ji, karo na farko ke nan da aka yi zancen a gabanta.

Sai dai in ja kunnen iyaye. A Brazil, Husseina ta shiga addinin gargajiyar da bayi Yarbawa suka tafi da shi can, da kiɗansa da rawarsa da hawan iskokinsa, kuma marubuciyar ba ta kawo shi don ta zage shi ba. Ni ban ɓoye littafin saboda haka ba, yarinyar da ta sauke Alƙur'ani ba shafin labari ne zai raba ta da sallarta ba. Amma ina gaya wa uwa kafin in ba 'yarta. Wata uwar ta ce a'a, na kuwa mayar da shi akwati ban ja da ita ba.

Samari sun fi wuyar kamu. Yaro namiji ɗan sha uku in ya ga littafi mai kauri sai ya tuna an aike shi. Wanda ya kama mini su shi ne The Door of No Return na Kwame Alexander, Ba'amurke, da ya fito a 2022. Dabarar da ke ciki ita ce a baiti-baiti aka rubuta shi, layuka gajeru, rabin shafi fari fat, sai yaro ya cinye shafi talatin bai ankara ba. Labarin Kofi ne, ɗan shekara 11 a ƙasar Asante a 1860, mai son iyo a kogi, mai malamin da ke hora su in sun yi yarensu a aji maimakon Turancin Sarauniya. A nan yaran ke fashewa da dariya, don har gobe akwai makarantun da ake rubuta sunan wanda ya yi yaren gida. Daga tsakiya dariyar ke ɗaukewa, ƙarshensa kuwa kurkukun bakin teku ne da jirgin ruwa. Waɗanda makarantarsu ta taɓa kai su ziyara Cape Coast ko Elmina sun ga ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi da idonsu, ba sai na yi musu bayani ba.

Amma a gaskiya abin da samarin nan ke tambayata kullum shi ne ƙwallo. A Nima ta Accra Mohammed Kudus ya tashi, ya bi ta makarantar ƙwallo ta Right to Dream ya tafi Denmark, Ajax ta ɗauke shi a 2020, ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar duniya ta Qatar a 2022. Duk yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin makaranta a Asawase ya haddace wannan tarihin fiye da karatun jarrabawarsa. A ba shi littafi mai shafi sittin a kan yaron zango da ke tsere tsakanin makarantar allo da filin ƙwallo, da uban da ke ganin ƙwallo shashanci ce, da kocin unguwa da ke sayen ruwan leda da kuɗin aljihunsa, a ga ko zai ajiye shi. Ina marubutanmu?

Ƙanana kuwa, 'yan shekara biyar zuwa tara, har yanzu ba su da kamar Sosu's Call na Meshack Asare. Ba sabo ba ne, tun 1999 ya ci kyautar UNESCO, shi kuma marubucin ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar NSK Neustadt ta adabin yara a 2015. Na sako shi ne don kowace shekara sababbin yara ke gano shi. Yaro ne da ba ya iya tafiya, a wani ƙauye tsakanin teku da tafki, an bar shi a gida manya sun tafi aiki, ruwa ya taso zai ci gari. Ya ja jiki, karensa na tare da shi, har inda ake ajiye ganguna, ya buga jama'a suka dawo. In na zo wurin da yake jan jiki cikin ruwa da iska, sai ka ga yara sun daina motsi. A unguwannin da aka saba ganin gurgu a ƙofar masallaci da ƙoƙon bara kawai, ba ƙaramin abu ba ne yaro ya ga gurgu shi ne ya ceci gari. Wata uwa ta yi mini ƙorafin karen, na ce ai na Ashabul Kahfi ma kare ne.

Akwai kuma Crossing the Stream na Elizabeth-Irene Baitie, na 2021, ga 'yan sha ɗaya zuwa sha uku: yaro Ato, da kakarsa, da wani mai da'awar annabci da ke juya mutanen unguwa da tsoro. Yaranmu sun ce su ma sun san irinsa, sai dai nasu rawani yake naɗawa. Ban tanka ba.

Waɗanda ba a taɓawa fa? Suna nan a ƙasan akwati, sababbi ƙal. Kashi na farko na sadaka ne daga Turai, labarin dusar ƙanƙara da bishiyar Kirsimeti da yaron da ke fushi don ba a saya masa doki ba. Kashi na biyu namu ne, kuma sun fi ba ni haushi: wa'azi ne aka sa masa rigar labari. Yaro nagari ba ya laifi, yaro mugu mota ta buge shi a shafi na takwas, a ƙarshe a jero darussa biyar. Yaro na gane irinsu tun daga shafin farko. Wa'azi yana samunsa a makaranta da masallaci da bakin uwarsa safe da yamma, kuma yana da kyau ya samu. In ya zo akwati labari ya zo nema. Tarihin Annabawa da na Sahabbai ma, wanda aka rubuta da daɗin labari ana aronsa, wanda aka rubuta kamar takardar jarrabawa yana kwance.

Malam Edita, ka lura duk sunayen da na jero babu na Hausa ko ɗaya. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

A Ghana gwamnati na ɗaukar nauyin harsuna 11 a makarantu da Hukumar Harsunan Ghana, irin su Twi na Asante da na Akuapem, Fante, Ewe, Ga, Dagbani, Gonja da sauransu. Hausa ba ta ciki, ko da yake gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana labarai da ita, kuma da ita ake ciniki daga Bawku har Nima. Tsarin ilimi ya ce a fara koyar da yaro da harshen gida a azuzuwan farko, amma ɗan zangon Kumasi in ya shiga aji Twi zai tarar, shi ne kuma harshen gida da zai rubuta a BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Ba na ƙin Twi, maƙwabtanmu ne, da shi muke cefane, yaranmu ma sun fi mu iya shi. Abin da nake nunawa shi ne sakamakon. Yaro ya iya haɗa baƙi da wasali na Larabci, ya iya karanta Turanci, ya iya karanta Twi, amma harshen da yake mafarki da shi, wanda uwarsa ke yi masa faɗa da shi, bai taɓa ganin sa a rubuce ba sai a saƙon WhatsApp, shi ma an rubuta shi yadda aka ga dama.

Littafin Hausa na kirki ɗaya ne a akwatina, kuma ba ya fita daga gida: Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya taho da shi daga Kano zamanin yana fataucin goro. Takardar ta yi ja, gefenta na marmashewa. Ni nake karanta musu da baki. In aku ya fara zuba dabarunsa don ya hana ɗan sarki fita, baranda ba ta ɗaukar yara, har iyaye mata kan tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Suna tsayar da ni su tambayi kalmomin fada da na yaƙi da ba mu amfani da su a nan, in fassara, mu wuce. Wata rana na miƙa wa wani yaro mai kaifin kai na ce ya ci gaba. Ya fara tiryan-tiryan, sai ya ci karo da ƙ da ɗ da ɓ ya tsaya, ya ce an yi kuskuren bugu. Yaron da ya san ɛ da ɔ na Twi tun yana aji ɗaya. Na nuna masa a bayan rajista, ya maimaita, kafin a kira magariba yana karanta wa ƙannensa yana kwaikwayon muryar waziri. Matsalar ba ta fi haka ba. Amma littafin da aka fara bugawa a 1937, duk daɗinsa, bai kamata a ce shi kaɗai ke riƙe da yaran 'yan zamanin waya ba. Babu mota a ransu in suna jin sa, babu makarantar kwana, babu yarinyar da ke son zama likita.

Kada a ce ba sa son Hausar. 'Yan matanmu na sakandare suna sauraron littattafan marubutan Kano da ake karantawa a YouTube, kunne toshe da abin sauraro suna wanke-wanke, har Hausarsu ta fara komawa ta Kano suna gyara mana magana. Ba na zargin marubutan, don manyan mata suka rubuta: kishiya, uwar miji, saki, dawowa. Amma 'yar sha biyu da ta gama tatsuniya ba ta da matakala a tsakani, daga Gizo da Ƙoƙi sai ta faɗa ɗakin amarya.

Ga ƙanana na sami ɗan sauƙi. Akwai shirin African Storybook da wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta fara a 2014, inda ake ajiye gajerun labaran yara masu zane kyauta a harsunan Afirka, har da Hausa. Nakan zaɓa a waya in kai shagon hoto a buga mini baƙi da fari, don mai launi ya fi ƙarfin fanshona, in ɗinke tsakiya. Rashin launin ma ya zama alheri, yaran ke cika shi da fensir mai kala, kowa ya yi wa akuyarsa irin launin da ya so. Amma waɗannan shafi goma ne, sha biyu. Ɗan sha huɗu ya wuce su.

To ga roƙona, kuma da kai zan fara. Ka ware wa yara shafi a jaridarka, ko sau ɗaya a mako: labari mai ci gaba da zai sa yaro ya ƙagu mako ya zagayo, da kacici-kacici, da filin da yaran kansu za su aiko da nasu. In akwai shi, ni zan riƙa bugawa ina liƙawa a bangon baranda. Sannan in sabon littafin yara ko na matasa ya fito da Hausa, ku ba da labarinsa kamar yadda kuke ba da na sabon fim, ku faɗi shekarun da ya dace da su da inda ake samunsa. Na tabbata ana rubutawa a Zariya da Kano da Sakkwato da Damagaram. Labarinsu ne ba ya tsallako iyaka.

Masu buga littattafai kuma su sani akwai kasuwa a nan. Atamfa da turare da kilishi da fina-finai duk suna iso mana daga Najeriya da Nijar ta mota, ban ga dalilin da kwalin littattafai zai gagara ba. A fara da kaɗan, a ajiye wurin masu sayar da littattafan addini a bakin babban masallaci, inda iyaye suka riga suka saba tsayawa. Akwai kuma baje kolin littattafai na ƙasa da ƙasa da ake yi a Accra, rumfa ɗaya ta Hausa za ta ja mutanen Nima da Mamobi da Madina da Sabon Zango.

Gasa ma tana aiki, tarihi ya nuna. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da littattafai biyar da har yau ake karantawa. Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta fito da mata marubuta da da ba a san su ba. A nan Ghana, Deborah Ahenkorah tana ɗaliba ta kafa kyautar Golden Baobab a 2008 don labaran yaran Afirka. Me zai hana jarida kamar taka, da wani attajiri mai son a tuna da shi da alheri, su sa gasar littafin matasa da Hausa? Sai dai in za a yi, a buɗe ta ga Ghana da Nijar da Kamaru da Togo, kuma kada alƙalai su yar da labari don Hausarsa ta zango ce. A gyara rubutu, a bar wa yaro trotro ɗinsa, wato motar haya, da kokonsa da wake da shinkafarsa.

'Yan uwana na zango, mu ma da namu. Mohammed Naseehu Ali ɗan Kumasi ne, ya rubuta labaran layin zango da Turanci a 2005 duniya ta karanta, ko da yake nasa na manya ne. Ke nan labari akwai shi a lungunanmu. Samarin da ke kwana a bes, wato majalisarsu, suna shan ataya suna ba da labarin da ke sa mutum riƙe ciki, ɗaya daga cikinsu ya zauna ya rubuta. Iyaye kuma, ɗakin karatu na yankin Ashanti yana nan cikin harabar Cultural Centre, da sashen yara. Daga Aboabo akwai ɗan nisa ga ƙaramin yaro shi kaɗai, amma babban wa ko ya na iya tattara na gida a shiga mota ɗaya lokacin hutu. Kuma cikin kuɗin kayan Sallah, in an yanka leshi an sayi takalmi, a rage na littafi ɗaya.

Daga ƙarshe ina roƙon masu karatu na Najeriya da Nijar, musamman malaman firamare da iyaye mata: duk wanda ya san littafin Hausa na yara ko na matasa da ya fito a 'yan shekarun nan, wanda ya ga yaro ya karanta da son ransa ba don jarrabawa ba, ya rubuto wa wannan jarida sunansa da shekarun da ya dace da su da kasuwar da ake sayar da shi. Muna da direba ɗan unguwa da ke zuwa Kano da kaya, ya ce zai taho mana da su. Iyayen layinmu sun yarda za a yi karo-karo a biya. Mun fi buƙatar na 'yan sha biyu zuwa sha shida, kuma in da hali a sami na ƙwallo a ciki.

Allah ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Taku,
Wata malama mai ritaya,
Aboabo, Kumasi.